Sunan Hajj Sha'aban Ya Juya Baya

Ni ce mai kula da kwamfutocin ɗakin gwajin jini na Dakta Ramzi a birnin Mansura na Masar, guda ɗari da arba'in a rassa tara. Wata Alhamis da hantsi, ina cin burodi da ta'amiyya, ƙosanmu na Masar, sai ga Madam Afaf mai karɓar marasa lafiya riƙe da takarda, wani dattijo na biye da ita.

"Bashmuhandisa Nermin, babbar injiniya, karanta mini sunan bawan Allahn nan."

Na duba. Haruffan Larabcin sun rarrabu, sun kuma juya baya.

"Sunana Sha'aban," in ji dattijon. "Shekara saba'in ana kirana haka, yau injinku ya raɗa mini Naba'ash."

"Ai ya dace da kai, ya Hajj," in ji Afaf, "kamar sunan wani fir'auna."

Muka yi dariya, amma tawa ta tsaya da na ga lambobin. Sukarinsa 120 ne, takardar ta ce 021.

Na garzaya teburin Afaf. Ashe sabon gyaran da masu manhajar suka turo ne ya sauka da safe a kwamfuta uku. Sauran za su karɓa da sha biyun rana, saura minti talatin da biyar.

Daga babbar kwamfutar ofishina na toshe shi, na bi rassan ɗaya bayan ɗaya ina tabbatarwa. Takwas suka amsa. Reshen Talka da ke hayin kogi ya yi shiru, layinsa da mu ya yanke, kwamfutocinsa sha ɗaya kuma za su jawo gyaran kai tsaye daga intanet.

Na kira shugaban reshen.

"Ustaz Girgis, akwai ƙaramin akwatin intanet a bayan teburinka. Zare wayarsa."

"Wacce, 'yata? Akwai shuɗiya, akwai baƙa, akwai wadda ɓera ya ɗanɗana."

"Duka!"

Na ji nishi, na ji kujera ta faɗi. Can ya dawo yana haki. "Na zare. Fanka ma ta tsaya. Ita ma a cikin laifin take?"

"Mayar da ta fanka, Allah ya ƙara maka lafiya."

Saura minti biyu a lokacin.

Na hau ƙaramar bas na tsallaka gada. Na tarar da shi zaune bakin akwatin da wayoyi a cinya, ya hana kowa matsowa. Kafin la'asar na toshe gyaran a kwamfutoci sha ɗayan nan, na cire shi daga ukun farko, Afaf kuma ta sake buga takardu shida da suka fita a juye, ta kira masu su ta waya.

Ran Lahadi Dakta Ramzi ya aiko mana da faranti biyu na basbusa, kek ɗin nan mai ruwan sukari. Ustaz Girgis ya ce rabi nasa ne, tunda shi ya shiga ƙarƙashin tebur. Babu wanda ya yi masa gardama.