Injin Tafin Hannu

Merv Trembath mutum ne da bakinsa kan riga hankalinsa tashi daga barci. Tun cikin sanyin watan Yuli, don a ƙasarsu Yuli ne sanyi Janairu ne zafi, ya ɗaure kansa, a mashayar da tsofaffin ma'aikatan mahaƙar dalma ta Broken Hill suke haɗuwa ran Juma'a. A makon ne likita ya gaya masa idonsa na dama ya soma dusashewa daga tsakiya, na hagun ma yana kan hanya. Sav Zammit, abokinsa tun suna koyon aiki, ya ji labari, ya kurɓi giyarsa, ya ce to ai sai a sallama masa injin fere ƙarfen nan na shagon bayan gida, tun kafin makaho ya fere yatsansa ya ce ƙusa ce. Wasa yake yi, irin wanda suka tsufa suna yi wa juna. Amma Merv ya bugi tebur a gaban kowa, ya ce zai ƙera injin da zai yi gudu da ɗumin tafin hannu kaɗai, ba wuta ba mai. In Asabar ɗin ƙarshen Janairu ta zo bai tashi ba, Zammit ya kawo a-kori-kurarsa ya kwashi injin ferewar, shi kuma ya koma ba wa tumatir ruwa.

A garin nan mutum ba ya janye maganar da ya faɗa a mashaya. Zammit ya so ya ce wasa ne, ya dubi fuskar Merv ya fasa.

Merv ya yi injuna da yawa a shagon nan na kwano, duk masu tururi ne, ƙanana, irin waɗanda za ka hura musu wuta a gindi su yi ta huci kamar ɗan maraƙi. Wannan daban ne. A wata mujalla da ake bugowa daga Ingila ya ga zanensa. Faranti biyu ne na alminiyam, faɗinsu bai fi murfin gwangwanin biskit ba, da iska a kulle tsakaninsu cikin zoben gilashi. A ciki akwai faifan soso mai hawa da sauka, yana kora iskar zuwa ƙasa ta ji ɗumi ta kumbura, ya koro ta sama ta huce ta tsuke. Wannan ɗan numfashin shi ke tura wani fistin, ɗan toshi mai shiga da fita a bututu, da bai kai kan ƙaramin yatsa ba, fistin ya juya wili. Shi ke nan injin. Amma ƙarfinsa bai fi na ƙuda ba, don haka in fistin ya matse ko da kaurin gashi ne, ya tsaya. In ya yi sako-sako, iskar ta zurare.

Ya ci hunturu da bazarar can a kan injin. Fistin ɗin daga baƙin abin nan na cikin fensir ake fere shi, ya shiga bututun gilashi. Merv ya fere ya zubar, ya fere ya zubar. Alƙaluman ma'auni sun daina tsaya masa wuri ɗaya, sai ya karkata kai kamar kaza yana kallo da gefen ido. Daga baya ma ya ajiye ma'aunin, ya koma ga yatsa: ya toshe gindin bututun da babban yatsa, ya saki fistin daga sama. In ya faɗo, ya lalace. In ya maƙale, saura. Ranar da ya ga ya tsaya a kan iska yana lilo, sai da ya janye yatsa sannan ya sulalo a hankali, Merv ya san ya samu, ya kashe injin ferewar.

Matarsa Noeline ba ta shiga shagon. Ba hana ta aka yi ba, haka dai zaman ya zo tun suna amare. Takan ajiye shayi a kan bulon bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa kwano da zobenta, ta koma. Ta ce ita ɓarɓashin ƙarfen da yake kwaso mata a safa ya ishe ta sanin abin da ake yi a ciki. Shi kuma tsokanarsa ɗaya ce shekara da shekaru, wai hannunta kamar kifin firji, ko a tsakiyar zafi ta taɓa wuyansa sai ya zabura.

Bayan Kirsimeti ya gama haɗawa, daidai lokacin da zafi ya sauko wa garin ya zauna. Kwanon shagon ba ya taɓuwa, ko da asuba bai gama hucewa ba. Merv ya ɗora injin a kan kofin shayi mai tururi, ya ɗan tura wilin, ya yi ta gudu. Zammit da ya leƙo ya ce ko injin da ɗan koyo ya haɗa da gwangwanin madara zai yi gudu a kan shayi, tafin hannu aka ce. Merv ya ɗora a tafinsa, ya jira, ya tura wilin ta inda zanen ya nuna. Ya zaga sau biyu, ya tsaya, ya ɗan ja da baya kamar jakin da ya ga rami, ya mutu.

Da na wani ne injin, Merv da kansa zai tsaya ya tambayi abin da ya bambanta Ingila da shagon kwano a watan Janairu. Amma mai tsoro abin da yake tsoro kaɗai yake gani. Shi dai a ransa ido ne ya ci amanarsa, akwai wani ƙaiƙayi a wani wuri da ba ya iya gani. Ya kwance ya wanke ya mayar, ya sake kwancewa. Cikin gida akwai na'urar sanyaya ɗaki, amma a wurin masu wannan aiki inji ba ya ƙetare ƙofar shago sai ya tashi. Wanda bai tashi ba tarkace ne, kuma ba a kai tarkace falo.

Asabar ta zo. Zammit ya iso da hantsi, ya yi ta ɓata lokaci wajen juya mota, ya ce zafi ya yi yawa, ko a bari sai wani makon. Merv ya miƙa masa sifana, ya ce ya fara da ƙusoshin baya na injin ferewar. Suka duƙufa, gumi na ɗiga a siminti. Injin ferewar ya girmi 'ya'yan Merv duka, mariƙansa sun yi santsi inda tafin Merv ke kamawa. Da suka zo fitar da shi, sai ga teburin aiki ya tare hanya, ga ɗan injin a kai, ga hannuwansu duk baƙin mai.

Daidai nan zobe ya bugi kwano. Noeline ce da tulun gilashi na lemo, ƙanƙara na kaɗawa a ciki, ta rungumo shi da hannu biyu tun daga kicin.

"Tsohuwa, zo riƙe mini wannan," in ji Merv.

Ta ce ya miƙo mata nan waje. Ya ce injin ba ya fita, bai tashi ba. Ta dube shi, ta dubi ƙusoshin da aka zube a ƙasa, ta ajiye tulun a kan bulo, ta tsallako ƙofar tana ɗaga siket kamar mai shiga rafi. Ya ce ta shimfiɗa tafi. Ta ɗauki injin da kanta ta ɗora, ta ce ashe ma ba shi da nauyi, abin da ya hana mutum cin abinci wata da watanni.

Suka ja teburin gefe. Zammit ya goge yatsa ɗaya a wandonsa, ya ce bari ya yi wa marigayi sallama, ya tura wilin yadda ya ga Merv na yi. Wilin ya zaga, ya tsaya, ya ja da baya kamar kullum. Sai dai wannan karon bai mutu ba. Ya haye kan gaɓar da yake tsayawa, a hankali ƙwarai, kamar tsoho na hawa matakala, ya gangara, ya sake hayewa.

Babu wanda ya motsa. Faifan soso na hawa yana sauka a bayan gilashi, fistin na shiga yana fita, wilin ya kama gudunsa har tsinkayensa suka narke suka zama haske ɗaya. Ƙarar ba ta fi ta agogon hannu ba. Ba wuta, ba hayaƙi, ba waya, sai hannun wata tsohuwa mai jijiyoyi shuɗɗa, da abu a kai yana numfashi. Merv ya yi aiki da injuna masu girman ɗaki, waɗanda sai ka yi ihu a kunnen na kusa da kai, bai taɓa jin tsigar jikinsa ta tashi a gaban ɗayansu ba. Ya durƙusa a simintin, ya karkata kai yana kallo da gefen idon da ya rage masa.

"Mervyn," in ji Noeline da ƙaramar murya, "ina jin sa. Kamar zuciyar tsuntsu."

Merv ya miƙa bayan yatsa ya taɓa farantin sama, ya ji shi da zafin shagon. Ya taɓa gefen hannunta, sanyi ƙalau. Nan take abin ya faɗo masa. Duk rayuwarsa a gindi ake sa wuta, bai taɓa kawo wa ransa za ta iya zuwa ta sama ba. Injin ba ruwansa da sama ko ƙasa, bambanci kawai yake nema. Hannunsa da iskar shagon kusan ɗaya suke, iskar ma ta ɗan fi zafi, shi ya sa yake ta tura shi gaba, injin na neman komawa baya. Fistin ɗin daidai yake tun ranar da ya gwada shi da yatsa. Yatsunsa ba su yi masa ƙarya ba.

Zammit ya yi gyaran murya. Ya ce shi fa ɗumin hannu aka ce, wannan kuwa sanyin hannu ne, kuma da baya yake tafiya, a kotu sai an duba. Noeline ba ta ɗaga ido daga wilin ba, ta ce tafin hannu ne ko ba tafin hannu ba? Zammit ya ce tafin hannu ne. Ta ce to ya mayar da ƙusoshin inda ya same su, kuma ya ɗaure da kyau, ba irin ɗaurin da ya yi wa famfonta ba.

"Ka ji ko, ɗan banza," in ji Merv, bai juyo ba.

Zammit ya tsuguna yana tsintar ƙusoshi, yana ƙunƙuni wai an sa shi ƙona mai a banza. Bai ɗaura ko ɗaya ba, ya dawo ya tsaya a bayan Merv. Ƙanƙara ta narke a tulu a bakin ƙofa, ba wanda ya tuna da ita. Da hannun Noeline ya soma ɗaukar ɗumi, wilin ya rage gudu, ta ce wa mijinta ya miƙo mata tulun nan ta riƙe da ɗaya hannun, za ta canza in wannan ya gaji. Merv ya tashi ya ɗauko. Ta ce kuma ya samo mata kujera, ba ta gama kallo ba.