Kada Ki Faɗa wa Baba

Tun da mahaifiyarsu ta rasu, aikin ba da labarin gida ya faɗo kan Auta. Ba wanda ya ɗora mata shi. Ita ce dai ta rage tare da Baba a ɗakuna biyu da falo a hawa na uku na wani tsohon bene, kuma wanda ke kusa da murhu shi ake tambaya ko tukunya ta tafasa. Yaya Babba yana can wata ƙasa mai nisa da matarsa da 'ya'ya biyu, yana aiki a masana'antar robobi, rabonsa da gida shekara shida. Mai bi masa, wadda kowa ke kira Nas saboda aikinta na jinya, aure ya kai ta wani gari mai tafiyar yini biyu a mota.

Kowace Lahadi da safe, bayan ta wanke kofunan shayi, Auta takan jingina da tagar kicin ta danna waya ta aika musu saƙon murya.

"Yaya, Yaya Nas, ina kwananku? Mu dai lafiya lau. Na auna jinin Baba jiya, ya ɗan sauka. Famfon banɗaki ya sake ɗiga, na ɗaure shi da tsumma. Matar Mai Fenti na ƙasanmu ta haihu, mace. Tattabarun Baba biyu sun ƙyanƙyashe. Ni kuma aiki yana nan, mai shago ta sayo sabon dutsen guga mai tururi, saura kaɗan ya dafa mini fuska."

Su kuma sai su turo nasu. Yaya ya ce babbar 'yarsa ta zo ta biyu a aji, Nas ta ce ta koyi saƙa ta yi wa mijinta hula ta ƙi shiga kansa. Auta ta kai wa Baba wayar, ya kara a kunnensa mai ji sosai, yana murmushi yana cewa a sake kunnawa.

Baba tsohon mai gyaran agogo ne. Da hannunsa ya fara rawa, ƙananan kusoshi suka riƙa kuɓuce masa, sai ya rufe akwatin kayan aikinsa ya koma kiwon tattabaru a saman bene. Goma sha huɗu ne, kowace da sunanta. Akwai wani namiji fari da yake kira Yayanku, wai don idan ya tashi sai ya ga dama yake dawowa.

Yaya Babba ne ya fara. Ranar wata Talata da tsakar rana Auta tana shagon wanki da guga inda take aiki, tana fama da wuyan wata farar riga, sai ga kiransa. Bai saba kira a irin wannan lokaci ba. Ta fita bayan shago, tsakanin igiyoyin shanya.

"Auta, ke kaɗai ce?"

"Ni kaɗai ce, Yaya. Lafiya?"

"An rufe masana'antarmu. Yau wata biyu ke nan. Ina nema, ban samu ba tukuna. Takardar zamana da aikin aka haɗa ta, idan na fita daga ƙasar nan yanzu ba za su bar ni in dawo wurin yaran ba." Ta ji yana jan numfashi. "Na gaji da riƙe shi ni kaɗai ne. Amma kada ki faɗa wa Baba. Kin san jininsa. Nas ma kada ta ji, bakinta ba ya riƙe magana."

Ta ce to. Ta koma ta tarar da dutsen ya bar tabo a wuyan rigar.

Ba a yi mako biyu ba Nas ta kira, ita ma da rana, murya can ƙasa. Tana da ciki wata biyar. Biyu sun zube mata a baya, wannan ma ya fara barazana, likita ya ce ta kwanta, ko tsintsiya kada ta ɗauka, balle ta shiga mota.

"Ni da nake kwantar da mutane, ga ni an kwantar da ni," ta ce, tana wata dariya da ba ta kai ciki ba. "Ki yi mini addu'a. Amma kada ki faɗa wa Baba sai cikin ya zauna da gindinsa. Yaya ma ki bar shi, shi da komai sai ya mai da shi faɗa."

Auta ta ce to. Lahadi ta zo, Yaya ya turo murya yana cewa aiki ya yi musu yawa, ko hutu ba sa samu. Nas ta ce marasa lafiya sun cika asibiti, tana tsaye tun asuba. Auta ta kunna wa Baba, tana kallon ƙasa, shi kuwa yana ta sa musu albarka.

Sai ranar Laraba. Ta dawo daga aiki da la'asar ta tarar da ƙofar falo a buɗe, Mai Fenti yana tsaye da kayan aikinsa a jiki, Baba yana kishingiɗe a doguwar kujera, gwiwar wandonsa ta yage.

"A matakalar sama na same shi," in ji Mai Fenti. "Kwanon hatsin tsuntsayen na ji ya gangaro, na leƙa. Na ce mu tafi asibiti, ya ce ko da igiya ba zan ja shi ba."

"Santsi ne," Baba ya ce. "Tuntuɓe ai ba ciwo ba ne."

Da Mai Fenti ya sauka, Auta ta kawo ruwa a kofi. Baba ya miƙo hannun hagu, kofin ya zame ya faɗi. Suka dubi ruwan yana bin ƙasa. Ta ɗauko waya.

"Wa za ki kira?"

"Yaya Nas, Baba. Aikinta ne. Ko tambayarta in yi."

"Ajiye." Bai taɓa ɗaga mata murya ba, yanzu ma bai ɗaga ba. "Yarinyar nan tana tsaye tun asuba kan marasa lafiya, ki ƙara mata da ni? Yayanki ko hutu ba ya samu. Wanda ke nesa labari ne abincinsa, Auta. Ba a zuba masa tsakuwa a ciki. Gobe zan warware."

Duk abin da za ta faɗa don ta karya maganarsa, amanar wani ce. Ta roƙe shi su je asibiti ko ba a faɗa wa kowa ba, ya ce mahaifiyarsu da ƙafarta ta shiga can, ba da ƙafarta ta fito ba. Daga nan ya juya fuska, maganar ta mutu.

Bai warware ba. Alhamis ya ce hannun ya yi nauyi ne kawai. Juma'a ta ga yana jan ƙafa idan zai shiga banɗaki, yana dafa bango. Asabar ta nemi izini a shago, mai shago ta dubi tulin kayan da ke jiran guga, ta ce ta je, amma ba da sakin fuska ba. Auta ta hau sama ta zuba wa tattabaru hatsi, ta tsaya a cikinsu da waya a hannu, ta nemo lambar Nas, ta tuna da mace kwance da ciki mai barazana, ta mayar da wayar aljihu.

Ranar Lahadi sau huɗu tana ɗaukar murya tana gogewa. Ana cikin haka Yaya ya turo cewa yaransa suna son ganin kakansu, a haɗu a kiran bidiyo da hantsi.

Baba ya sa ta ciro masa rigarsa mai ruwan toka, ta taimaka masa da maɓallai. Ya zaɓi kujerar da hasken taga zai faɗo masa ta dama, ya tura hannun hagu ƙarƙashin tebur. Ta jingina wayar da gwangwanin sukari. Fuskoki suka bayyana: Yaya da yaransa a falonsu, Nas kuma ta jingina da filo ta ja mayafi har wuya, wai sanyi ake yi a garinsu.

Jikoki suka gaishe shi, ya amsa. Ƙaramin ya tambayi tattabaru. Baba ya fara ba shi labarin farin nan da ba ya dawowa, sai kalmar ta maƙale. Ya sake gwadawa, ta fito a murɗe.

Nas ta matso da fuskarta har ta cika allon.

"Baba, yi mini murmushi."

"Ke kuma da wasa."

"Ba wasa nake ba. Ɗaga mini hannuwanka duka biyu. Auta, gyara wayar in gan shi sosai."

Hannun dama ya tashi. Na hagu ya motsa a ƙarƙashin tebur, bai fito ba.

"Tun yaushe?" Muryar Nas ta canza, ta zama ta wurin aiki. "Auta, da ke nake. Tun yaushe?"

"Laraba."

"Laraba!" Yaya ya kori yaran daga ɗakin. "Kwana huɗu kina kallonsa, kina turo mana lafiya lau? Amfanin zamanki a gidan me ne ne? Nas, ke kin fi kusa, ki shiga mota yau ɗin nan."

Nas ta sunkuyar da kai.

"Nas, kina ji na?"

"Ba zan iya ba, Yaya. Kai ka taho, kai ne babba."

Sai Yaya ya kawar da fuska daga allon. Ana jin kukan tattabaru daga sama. Baba yana duban wannan ya dubi wannan.

Auta ba ta shirya faɗa ba. Bakinta ne ya gaji. Ta ce Yaya ba shi da aiki tun wata biyu da rabi, idan ya fito ba zai koma ba. Ta ce Yaya Nas tana da ciki, likita ya hana ta ko zama mai tsawo. Ta ce Baba ya faɗi a matakala ya hana ta kira. "Kowa ya ce kada in faɗa. Ban faɗa ba. To yanzu ku gaya mini abin da zan yi."

Nas ta rufe fuska da mayafi. Yaya ya dafe kai. Baba ya dubi 'yarsa a allo, hawaye ya gangaro masa ta ido ɗaya, ya ce wani abu da ba wanda ya gane sai Auta: yana tambaya ne wata nawa.

"Biyar da rabi, Baba."

Mai Fenti ya samo mota, shi da direban suka sauko da Baba a kan kujera. A asibiti likita ya duba hoton kai ya ce jijiya ce ta toshe, ta shanye ɓarin hagu. Ya tambayi ranar da abin ya fara, ta faɗa masa. Bai yi mata faɗa ba. Ya ɗan jinjina kai ya ce da a ranar aka kawo shi da akwai abin da za a gwada, yanzu kuwa sai gasa gaɓoɓi da motsa su, da haƙuri. Ta gwammace a ce ya zage ta.

Daga ranar labarin gida ya tashi daga na mako ya koma na kowace sa'a, kuma duk gaskiya ne. Ya haɗiye cokali uku. Ya motsa babban yatsa. Ya ƙi shan magani. Nas tana kwance tana turo yadda ake juya mara lafiya kada bayansa ya yi gyambo. Yaya yana kira sau biyar a yini, ya ba ta haƙuri kan abin da ya faɗa, ya sake tambayar abin da ya tambaya ɗazu. Suna ƙaunarsa, ta sani, amma ƙauna ba ta bi ta waya ta ɗaga mutum daga gado. Mai shago ta jira mako biyu, sannan ta aiko cewa ta ɗauki wata a kan teburin gugar, idan Allah ya kawo sauƙi a zo a yi magana.

Bayan kwana goma sha tara aka sallame su. Washegari da hantsi Auta ta ɗora ruwa, ta sirka a bokiti, ta sa kujerar roba a banɗaki. A asibiti ma'aikata maza ne ke yi masa wanka. A nan babu kowa. Mai Fenti ya fita aiki tun safe.

Ta tsaya a bakin gado da tawul a kafaɗa. Baba ya dubi tawul ɗin, ya gane.

"Yayanki," ya ce da ƙyar.

"Ba ya nan, Baba. Ni ce."

Ta tallabe shi, ya rataya a kafaɗarta, bai kai nauyin da ta zata ba. Ta zaunar da shi, ta yafa masa zane a cinya, ta cire masa riga. Ya juya fuska bango ya rufe ido. Ta fara daga wuya, tana zuba ruwan a hankali, tana ba shi labarin 'yar Mai Fenti da ta fara murmushi, don kada shirun ya kashe su duka biyu.

A falo waya ta fara ƙara. Ta san Yaya ne, lokacinsa ne. Hannunta ɗaya yana riƙe da kafaɗar Baba kada ya zame, ɗayan duk kumfa. Wayar ta yi ta ƙara har ta gaji, ta tsaya, ta sake farawa.

"Ɗaga mini wannan hannun, Baba," ta ce. Sai ta tuna, ta ɗaga masa da kanta.