Mugunya a Damtsen Mahauci

Ƙaninsa ne ya yanki mahaucin da wuƙa a damtse, kan gardamar da ba ta taka kara ta karya ba. Ya ɗaure da tsumma, ya ƙi zuwa asibiti don kada a kama ƙanin. Kwana huɗu hannun ya kumbura suntum, dole matarsa ta kai shi asibitin.

Da nas ta tsaga wurin, mugunya ta yi tsartuwa. Ya kurma ihu, ya shuri tiren almakashi.

"Danne shi!" ta ce wa matarsa. "Malam, wannan gawar fararen ƙwayoyin jininka ce. Sun yi ta haɗiye ƙwayoyin cuta har aka fi ƙarfinsu."

Ta sake matsawa, ya suma. Hannun ya tsira, amma yatsu biyu ba su ƙara lanƙwasuwa ba.