Gyangyaɗi da 'Yarta

"Kada ki sa ni barci, likita," in ji maƙwabciyata daga kan gadon asibiti, ana shirin yi mata tiyatar haihuwa. "Ina so in gan ta."

Likitar sa barci ta jawo kujera ta zauna. "Ko kin roƙe ni ba zan sa ki ba. Da irin ciwonki, in na kwantar da numfashinki, tayar da shi aiki ne. Allura zan yi miki a baya, ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, ke kuwa idonki biyu."

"Biyu?" na ce. "Tun da muka haɗa katanga ban taɓa ganin biyun a buɗe ba."

Ta yi dariya mara sauti. Ciwon raunin tsoka ne da ita, irin wanda ba kasafai ake gani ba. Da ta gaji sai fatar idonta ta sauko kamar labule, sai ta ɗaga da yatsa take gane mai sallama. Ni nake kiranta Gyangyaɗi, ita ta rama da Rediyo.

Bayan tiyatar ta ba ni labari, tana hutawa tsakanin kalmomi. Sa'ad da jaririyar ta tsala kuka, idanun Gyangyaɗi sun riga sun sauka, hannuwanta kuma a ɗaure da robar ƙarin ruwa.

"Sai likitar ta sunkuyo ta ɗaga mini da babban yatsanta. Ta riƙe har na ƙoshi. Rediyo, hancin ubanta ta kwaso, baiwar Allah." Ta ja numfashi da ƙyar. "Amma ba ta buɗe ido ba. Kada dai nawa ta gado. Ki duba mini."

Na ce zan duba. Washegari ƙirjinta ya cushe, aka sa mata na'urar numfashi. Likitar ta yi iya yinta, na gani da idona, amma Gyangyaɗi ba ta dawo gida ba. Har yau ina kewarta.

Ranar da aka sallamo yarinyar, uban ya miƙo mini ita a bakin ƙofa. Na zauna da ita gindin katangar, inda igiyar shanyarmu take, mayafin uwar na rataye ba wanda ya sauke. Na kai yatsa kusa da fuskarta, sai na janye.

Ta yi hamma, ta yamutsa hancin nan, ta buɗe idanun duka biyun da kanta, tana kallon mayafin.