Wasiƙar da ke Aljihun Bature

Kiɗan ne ya tsayar da Alhaji Dogara. Suna hawa na uku a kasuwar tufafi ta Baima, can ƙasar waje inda suka je saro kaya, shi da abokinsa Harouna mutumin Maraɗi, suna neman rigunan yara na sallah, sai ya ji wata busa mai sanyi tana fitowa daga wani shago. Ya tsaya cak, har mai tura kaya ya kusa kwashe masa ƙafa.

"Lafiya, Alhaji?" in ji Harouna.

"Malam Wasiƙa ne," in ji Dogara. "Ko a mafarki na ji kiɗan nan zan gane shi."

Shekara talatin da shida ke nan, lokacin yana sabon ango a Fagge, gidan talabijin yana saka wani wasan Turawan Ingila duk Lahadi bayan la'asar. Wani ƙauye ne da ruwan sama ba ya ɗaukewa, inda kare ke kwana a kan kujera, kuma ko mutuwa aka yi sai a ɗora shayi. Akwai wani dogon Bature mai rarraba wasiƙu a kan keke, shi ne unguwa ta laƙaba wa Malam Wasiƙa. Yana son wata bazawara mai shagon shayi, ya rubuta mata wasiƙa ya sa a aljihu, amma duk mako in ya zo miƙawa sai wani abu ya gifta: ko akuya ta shigo shagon, ko ya faɗa kwata. Dogara da amaryarsa Rekiya ba sa jin Turanci sosai a lokacin, kuma bai hana su komai ba. Su yi dariya har da riƙe ciki, ranar da karen ya mutu kuwa Rekiya ta kasa cin tuwo.

Ran nan Malam Wasiƙa ya zaro wasiƙar, matar ta miƙo hannu, sai aka ɗauke wuta. Lahadi mai zuwa aka saka wani shirin noma, shi ke nan. Tun daga ranar Rekiya ta tsaya a kan cewa matar ta karɓa an ɗaura aure. Dogara ya ce mai kunya irin wannan mayar da ita aljihu zai yi. Ko a kan gishirin miya suka saɓa, ƙarshenta sai an dawo kan wasiƙar. Jikokinsu ma sun san zancen.

Ya leƙa shagon. Mai shagon wata dattijuwa ce, Madam Chen, tana cin shinkafa da tsinke, ta jingina babbar waya a jikin dilar kaya. Ga Malam Wasiƙa nan a kan kekensa. Dogara ya yi mamakin ganin rigarsa shuɗiya ce, don a tsohon akwatin talabijin ɗinsu komai toka-toka ne.

"Nihao, laoban," ya ce, wato gaisuwar da ake yi wa mai shago. Da ɗan Turancin kasuwa da wayar da ke fassara musu, ya roƙe ta ta nuna masa kashi na ƙarshe.

Ta tambaye shi wane na ƙarshe. Ya kwatanta da jikinsa, ya zaro rasit daga aljihu ya miƙa wa Harouna, Harouna ya karkace kai ya miƙo hannu kamar bazawara. Madam Chen ta yi dariya har ta ajiye tsinken.

"Wannan na goma sha uku ne," ta ce. Ta ja yatsa a kan wayar, jerin ya yi ta tafiya. Tamanin da biyu ne. Ta ce mahaifinta marigayi ne ya koya mata kallonsa, wannan ne zagaye na uku da take yi, kullum guda ɗaya da abincin rana.

"To, Kanawa," in ji Harouna. "Shekara talatin da shida kuna shari'a a kan tsakiyar labari."

Madam Chen ta nemo kashin, ta kai shi daidai inda hannu ya shiga aljihu, ta tsayar. Dogara ya duba agogo. Ƙarfe ɗaya na rana, a Kano an idar da asuba ke nan. Ya ga gara ya kira Rekiya ya yi mata albishir cewa yau gardama ta ƙare.

Ta saurare shi har ya gama. "Ka kalla?"

"Yanzu zan kalla, Hajiya. Minti biyu in kira ki."

"Kai kaɗai?"

"Ga Harouna."

"Da Harouna aka ɗauke muku wutar? Baban Asma'u, tare muka fara. In za ka iya kawo shi gida, kawo. In ba za ka iya ba, bar shi a aljihunsa."

Ya tambayi Madam Chen ko za a iya tura masa. "Meyo," ta ce, babu. Manhajar ba ta aiki a wajen ƙasar. Akwai dai faya-fayan mahaifinta a gida, in ƙanenta bai kwashe ba. Ba ta yi alkawari ba. Jirgin Dogara kuwa jibi ne.

Yatsarta na kan wayar, tana jiransa. Ya dubi hannun Baturen da ya maƙale a aljihu. Minti biyu kawai. Ya gyara hularsa, ya juya baya, ya fuskanci rigunan da ke rataye, ya toshe kunnuwa.

"Ni ban yi wa kowa alkawari ba," in ji Harouna. "Danna, Madam."

A madubin gwajin kaya Dogara yana hango fuskar Harouna. Ya ga ya yi dariya, ya ga ya buɗe baki, can kuma ya ga ya share ido da bakin hannun riga.

"In ka faɗa min," in ji Dogara, "ka nemi wani abokin tafiyar."

A tasi, a hanyar masaukinsu da ke unguwar Sanyuanli, sai Harouna ya yi ajiyar zuciya ya girgiza kai, ya ce, "Allah sarki, Malam Wasiƙa." Sau huɗu ya yi haka.

Washegari suka koma. Madam Chen ta ciro wani kwalin takalmi ɗaure da zare, cike da faya-fayan mahaifinta. Ta ce aro ne, ya dawo da shi in sun gama. Dogara ya ƙirga a ransa, guda ɗaya duk Lahadi, ya ce mata sai ta yi haƙuri, zai kai shekara ɗaya da rabi. Ta ce mahaifinta ma haka yake kallonsa.

Harouna ya ce a jefa kwalin cikin kwantenar kayansu da ke tashar jirgin ruwa ta Nansha. Dogara ya fitar da takalmansa daga jakar hannu ya sa kwalin a wurinsu, sannan ya aika wa Rekiya saƙo cewa ta sa a nemo mai gyaran janareta kafin Lahadi.