Ƙusar Gindin Bene

Wanda ya gina gidan su Auta da alama bai taɓa zaton talaka zai sayi mota ba. Bene ne hawa biyu, iyali biyar, amma tsakanin bangon gidan da katanga ziri ɗaya ya bari, dogo, siriri, wanda mota ɗaya kaɗai ke shiga ta fita. Da motoci suka yi yawa sai aka riƙa jera su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya riga dawowa ya shige ƙurya, na ƙarshe ya tsaya bakin get.

Maganin abin wata ƙusa ce da mahaifin Auta ya kafa a gindin bene tun yana da ƙarfin ɗaga guduma. Kowa ya dawo ya rataye makullin motarsa. Mai sammako ya kwashi makullai, ya fitar da motocin gabansa titi, ya fitar da tasa, ya mayar da na mutane. Shekara ashirin ba wanda ya ji kansu, in ban da makaniken hawan sama da ke mitar cewa Auta na matso masa da kujera har gwiwarsa ta daki sitiyari.

Sai ga wani ya sayi sashen ƙasa na bakin get. Ya zo da doguwar mota baƙa mai sheƙi, da wata takarda a cikin leda wadda yake nuna wa kowa. Kafin sati ya zagayo duk gidan sun sa masa Mai Takarda.

Auta ce ta je ta yi masa bayanin ƙusa, a ladabce, har da rusunawa.

"In rataye makullina a jikin bango kamar tsumma?" ya ce. "Ke kin san motar nan kuwa?"

"Yallaɓai, haka muke yi duka. Kuma ni Litinin da Alhamis ina kai Baba wankin ƙoda ƙarfe bakwai. In muka makara ba wa wani injin ake yi."

"Allah ya ba shi lafiya. Ki ƙwanƙwasa mini. Ni saye na yi, ba haya ba, kuma gaban ƙofata nawa ne. Ga shi a rubuce."

Ya buga ledar da bayan hannu. Auta ba mai yawan magana ba ce. Ta juya ta hau sama.

Ranar Litinin ta sauko shida da kwata. Baƙar motar na bakin get, ta cike zirin, ko keken guragu na Baba ba zai wuce ba, mutum ma sai ya karkace. Ta ƙwanƙwasa. Ta sake. Har hannunta ya yi zafi sannan aka ce daga ciki, "Yana wanka." Da ya fito kuma sai da ya goge gilashin gaba da na baya da ɗan tawul, ya bar injin ya ɗumama, yana cewa ita wannan ba a yi mata gaggawa. Ƙarfe takwas saura suka isa asibiti. Ma'aikaciyar jinyar ta dubi agogo, ta dubi Baba, ta ce wallahi ta jira iyakar jiranta.

Sai washegari da yamma, da roƙo, aka samo masa gurbi. Kafin nan ƙafafun Baba sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, numfashinsa na fita da ƙyar, ko kwanciya ba ya iyawa sai dai a jingine shi da matasai uku. Auta na goge masa zufa yana ce mata, "Ki yi haƙuri, Autata. Baƙo ne, bai san gida ba."

Baƙo! Mutumin da ya tsaya goge gilashi! Ta ce to, amma zuciyarta tafasa take.

Ranar Alhamis tun ƙarfe shida ta sauko. Motar na nan inda take. Bugu ɗaya aka buɗe, matar Mai Takarda ce, kanta a ƙasa.

"Ƙanwata, ki yafe mini. Ya yi tafiya, abokinsa ya zo ya ɗauke shi. Sai Asabar."

"To makullin fa, Yaya?"

"Yana aljihunsa. Ɗayan kuma ya kulle a durowa. Ni kaina ban taɓa riƙe shi ba."

Bayan Auta Baba ne a kekensa, makanike ya sauko da shi, bargo a cinyarsa, jakar magani a hannunsa. Ta dubi ƙusar da makullai huɗu ke rataye. Ita da ko a kasuwa ba a jin muryarta, sai ga ta tsakiyar ziri ta ɗaga kai sama tana kira.

"Ku fito! Ku fito ku gani! Malam! Kawu mahauci! Ku fito ku gaya mini ko motar mutum ta fi ran ubana!"

Tagogi suka buɗe. Malamin makaranta ya sauko da buroshi a baki. Mahauci ya fito da 'ya'yansa biyu, ƙarti masu wuya kamar turmi.

"A fasa gilashin kawai," in ji mahauci, har ya sunkuya neman dutse.

"Ka fasa ka kwana a hannun hukuma," in ji malamin. "A kira shi a waya."

Matar ta ce ta kira sau shida, a kashe take.

Auta ta juya gare ta. "Yaya, takardar nan tasa, da ita ya tafi?"

Matar ta shiga ta fito da ledar. Malamin ya cire buroshi ya karanta da ƙarfi, a hankali, kamar yana aji. Ziri na kowa ne. Abin da ke nasa shi ne filin gaban ƙofarsa, daga ginshiƙin baranda zuwa tankin ruwa.

Duk suka juya suka dubi wurin. Wani ɗan lungu ne da ya shiga ciki, inda matar ke shanya.

Auta ta je ta auna shi da taku. Ta dawo ta auna motar. Ta dubi makanike.

"Taku bakwai, taku bakwai saura kaɗan. Tunda nasa ne, a kai masa kayansa filinsa."

Makanike ya yi dariya har ya dafa katanga. "Yarinyar nan, ashe shirun naki ba na banza ba ne!"

Ya hau ya sauko da jak ɗinsa mai taya na ɗaga mota da tsofaffin barguna don kada fenti ya karce. Aka kira masu gadin shagunan tsallake, suka zama maza takwas. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma goma sha shida sun ɗauki gindin mota. Suna taɓa ta ta fara kururuwa, fitilu na walƙiya, kamar an taka wutsiyar kare.

"Yi kukanki," in ji mahauci yana nishi. "Halin mai gidanki kika ɗauko."

Ɗaga, ja, ajiye. Gaba, sannan baya. Auta ce ke tsaye tana cewa saura kaɗan, ku kula da madubi. Cikin minti ashirin baƙar motar ta shige lungun a karkace, ko ƙwarzane babu, tazarar tafin hannu tsakaninta da ginshiƙi, tazarar tafin hannu tsakaninta da tanki.

Bakwai saura minti biyar Auta ta tura keken Baba cikin ɗakin wankin ƙoda. Sai da ta ga jini ya fara zagayawa a cikin bututu sannan ta nemi benci ta zauna.

Ranar Asabar da la'asar Mai Takarda ya dawo. Tun daga sama aka ji shi. Ya shiga motar ya yi gaba, ginshiƙi. Ya yi baya, tanki. Ya fito yana kumfar baki, zai kira 'yan sanda, zai kai kotu, an taɓa masa dukiya.

"Duba da kyau, ranka ya daɗe," in ji makanike daga taga. "In ka ga ƙwarzane ɗaya ni zan yi fentin. Kuma ai a filinka take. Ko takardar ta canja?"

"To ku fito ku fitar mini da ita!"

"Ni bayana ke ciwo," in ji mahauci. "Ka tambayi Auta, ita ce mai awo."

Auta ta sauko a hankali ta tsaya gindin bene. Muryarta ta koma ƙarama kamar da, amma ba ta rusuna ba.

"Yallaɓai, a zaune ubana ya kwana don kana goge gilashi. Ba na son ban haƙurinka. Ga ƙusa nan."

Ya dubi matarsa ko za ta tare masa. Ita kuwa tana kwashe shanya daga kan tanki, ko waigowa ba ta yi ba. Ya shige ɗaki ya bugo ƙofa. Motar ta kwana a lungu, ta wuni Lahadi, yara na wucewa suna leƙa ta.

Litinin da safe Auta ta sauko ta tarar mazan gidan sun ɗago motar daga lungu sun mayar da ita bakin get, mahauci na shafa ƙugu yana cewa shi dai wannan karon na biyu ne kuma na ƙarshe. Makullai biyar ne a jikin ƙusa. Ta zari na baƙar motar, ta shiga, ƙafarta ba ta kai birki ba. Ta ja kujerar gaba har ƙarshe, ta fitar da motar, ta fitar da tasu, ta mayar da tasa. Kujerar kuma a nan ta bar masa ita.