Jan Biron Misis Halvorsen

"Ba zan zubar ba," na ce.

Dwight na tsaye a falon uwarsa, ya miƙo min baƙar ledar shara kamar shi ya ɗauke ni aiki. Ko takalmi bai cire ba, ƙanƙarar da ya kwaso tana narkewa a kan kafet.

"Corinne, ba shawara na nema ba. Ki kwashe mujallun nan."

"Haya nake a saman bene. Ban san da aikin shara a ciki ba."

"Ƙyale Farfesa, Dwight," in ji Misis Halvorsen daga kujerarta. "Ta fi ka baki, ta fi ka karatu, gashi ma ta fi ka."

Farfesa take kirana saboda ina digiri na biyu a jami'a, nan Duluth, birnin bakin tafki a Amurka. Gidan nata ne, ita a ƙasa, ni a sama. Dwight ɗanta ne tilo, yana can Minneapolis, ba ya zuwa sai da dalili. Ranar ya zo da ƙatuwar talabijin irin wadda ake yi wa magana.

"Mama, duk abin da kike so, a duk lokacin da kike so. Faɗa mata kawai za ki yi."

"Na binne mijin da ba ya jin magana, yanzu kuma in zauna ina roƙon bango?"

Mujallar da ake rigima a kai ta jadawalin shirye-shiryen talabijin ce. Duk Asabar take zuwa ta gidan waya. Tsohuwar ta sa tabarau, ta ɗauki jan biro, ta zagaye abin da za ta kalla har ƙarshen mako. A kan waɗannan zagaye rayuwarta ke tafiya. Farar ƙwaya da labaran safe, maganin hawan jini in an fara kacici-kacici. Ranar shirin girki ake fitar da shara. Dwight ya san wannan sarai. Ya kuma san wata jami'ar lafiya za ta zo ta duba ko uwarsa na iya zama ita kaɗai. In aka ce ba ta iyawa, sai gidan tsofaffi, a sayar da gidan nan mai kallon tafki. Sabuwar talabijin ɗinsa kuwa ba ta san Litinin ba, ba ta san Juma'a ba.

Da na ƙi, sai ya bi ta bayan gida, ya buga waya aka daina aiko da mujallar.

Asabar ta zo ta wuce. Ranar Laraba na sauko na tarar da ita a bakin ƙofa da hular zuwa coci da jaka a hannu, maganinta na nan a kwalba ba a taɓa ba.

"Farfesa, yau Lahadi ce, ko?"

Ta dubi fuskata, ta gane. Ta cire hular a hankali ta ɓoye ta a bayanta. Matar da ba ta taɓa barin kowa ya yi maganar ƙarshe ba, ita ce ta rasa inda za ta sa ido.

Na sa rigar sanyi na fita. Kanti bayan kanti, babu. Wani mai tsaron kanti har da dariya: "Mujallar talabijin? 'Yar'uwa, ga waya a hannunki fa." Na dube shi har dariyar ta maƙale masa. A ƙarshe na samu a wani tsohon kantin magani can ƙetaren gari, sai an sauya bas. Na ciro tsohuwar talabijin ɗinta daga ɗakin ajiya, na jona mata eriya, na lulluɓe ta Dwight da zanen gado.

Haka na riƙa sayo mata mujallar duk Asabar tsawon hunturu, har a ranakun da iskar tafki ke tsaga leɓe. Dwight ya ji labari, ya kira ni.

"Hayarki na gab da ƙarewa. Ki tuna wa ke sa hannu yanzu."

"Na tuna. Kai ma ka tuna wa ta haife ka."

Ranar da jami'ar ta zo, Dwight ya riga ta isowa, da furanni da muryar ɗan kirki.

"Misis Halvorsen, ko za ki iya gaya min yau wace rana ce?"

"Alhamis, 'yata. Ki hanzarta da tambayoyinki, shirin kotu ya kusa farawa, ina so in ga ko za a ba matar nan karenta."

Ta jero magungunanta ɗaya bayan ɗaya, da lokacin shan kowanne. Jami'ar ta ce ba ta ga dalilin ɗaga ta daga gidanta ba. Dwight ya tafi ko sallama babu, furannin na kan tebur a cikin ledarsu.

Ta rasu wata Asabar, kafin ƙanƙarar tafki ta narke jiragen ruwa su dawo. Na kawo mujallar, na dafa mata gahawa, ta zauna tana zagayenta.

"Akwai fim ɗin kaboyi ranar Alhamis. Da mijina Halvorsen na fara ganinsa, ya yi barci tun kafin a harba bindiga."

"Za mu kalla tare."

"In kin yi shiru. Ke komai sai kin fassara."

Na hau sama karatu. Da na sauko da la'asar, talabijin na ta magana, ita kuma tana kujerarta, tabarau a hanci, biro a cinya. A gidanta, kamar yadda ta so.

A coci Dwight ya hau mumbari ya ba da labarin yadda ya kula da mahaifiyarsa har ƙarshe, har da share ido. Bayan an sauko cin abinci, ya same ni da faranti cike da gasasshen dankali da nama.

"Ƙarshen wata," ya ce, yana tauna.

Ban roƙe shi ba. Abin da na biya ke nan: na rasa gidan, na rasa zangon karatu guda wajen neman wani, yanzu ina wani ɗaki da tagarsa ke kallon bangon gareji. Da na karɓi ledar nan ranar farko, da wataƙila har yau ina can.

Abu biyu na fito da su da ba nawa ba, tsohuwar talabijin da mujallar ƙarshe. Jan biro ya tsaya a Alhamis, shafin Juma'a fes yake. Da Alhamis ɗin ta zo, ina tsakiyar haɗa kayana a saman bene, na ɗora talabijin a kan kwalin littattafai, na gyara eriya, na zauna a ƙasa. Har fim ɗin ya ƙare ban ce uffan ba.